Masu Cin Abinci a Jikin Tsohuwar Fijo

Idan Fijo 504 ta ƙi tashi da safe, galibi laifin kontak ne ko kondensa, 'yan ƙarafan nan na cikin distiributa masu aika wa filogi wuta. Su biyun ba su cika tafin hannu ba. Amma kafin mai mota ya same su, sai ya gaisa da jama'a.

Akwai Mai Akwai. Bakinsa bai san "babu" ba. "Akwai, Alhaji, zauna." Sai ya tura yaro da gudu. Ana kiran la'asar yaron zai dawo da kontak ɗin Volkswagen, maigidansa ya juya shi a hannu ya ce, "Ai duk ɗaya ne, a ɗan goge gefen."

Sai Malam Sai-Kano. Komai aka tambaya, yana Ƙofar Ruwa. In babu can, Panteka ta Kaduna. A ba shi kuɗin mota. Mako uku yana cewa kaya na Damaturu.

Wanda nake girmamawa shi ne tsohon bakanike, wanda ya koyi aiki tun lokacin da kamfanin PAN ya soma harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Shi bai yarda da sabon kaya ba, duk jabu ne. Zai ciro tsohon kontak, ya goge bakinsa da samfefa, ya auna tazararsa da kwalin sigari, ya sa kunne, ya ce, "Buga!" Ta kuwa tashi. Matsalar dai, kafin ya taɓa sufana sai ka saurari labarin yadda ya kai 404 Gamboru Ngala cikin damina, kuma labarin ƙara tsawo yake duk shekara.

Yaron zamani kuwa da na'urarsa yake zuwa, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona kwamfuta. Allah ya ba shi haƙuri.

Ɗan gwangwan ba ya gardama da kowa. Kullum yana wucewa da amalankensa, ya dubi motar yana ƙiyasta kilo, ya ce, "Baba, ya jikin nata?"

Shi kuwa Alhajin, ya rantse ba zai sayar ba, don ita ta ɗauko amaryarsa, wadda yanzu ke da jikoki. Ya tara kondensa bakwai a gwangwanin madara, kuma ba ya iya tuna wacce ce mai rai.