Mutanen Kagara a Bakin Teku

Daga Kagara zuwa Ikko tafiya ce mai tona hali. Kafin mota ta bar Tegina, ta wuce Mokwa, ta haye gadar Jebba, ka riga ka san mai rowa da mai minshari. Sauran halayen kuwa sai an tsaya gaban teku suke fitowa. Ga waɗanda na sha fama da su.

Na farko Mai Ɗanɗane. Tun a firamare aka gaya masa ruwan teku gishiri gare shi, bai yarda ba. Sai ya kamfata ya kurɓa, ya yamutse fuska, ya ce, "Wallahi da gaske ne!" Daga nan ya cika jarka, wai tsarabar Inna ce, maganin ciwon gwiwa. Jarkar nan a kan ƙafarka za ta zauna har gida.

Sai Alhaji Lissafi, wanda ba kallo ya kawo shi ba. A Apapa muna mamakin girman jiragen ruwa, shi yana ƙirga kwantena, yana tambayar buhun masara nawa guda za ta ci. A gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990, ba abin da yake gani a jikin itatuwa sai katako da gawayi. Da biri ya fizge masa ayaba, cewa ya yi, "Yanzu kuɗi muka biya don mu ga abin da muke kora daga gona da majaujawa?"

Hajiya Hoto ba ta ga teku ba, domin baya ta ba shi tun zuwanmu. A kan gadar nan ta Lekki mai lilo a saman itatuwa, mai tsawon mita 401, ta tsayar da layi sai ta gyara ɗauri. Malam kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, yana hango ruwa ya soma tasbihi da labarin Fir'auna, azahar na yi ya raba mu gida biyu a kan inda gabas take.

Amma gwarzon tafiya shi ne Kawu Na-Ikko, mai masaukinmu. Ya daɗe a Agege, kuma kalmarsa ɗaya ce: "Garin nan a tafin hannuna yake." A kan gadar Third Mainland yara suka ɗauki salati, "Ga teku!" Ya harare su ya ce, "Ƙauyanci! Wannan ai tafki ne, teku na gaba." Nan ya yi gaskiya, kuma da ita ya ci bashin duk sauran maganganunsa. Ya ce zai kai mu Bar Beach, inda suke shan iska duk Lahadi. Muka isa muka tarar an daɗe da cike wurin da yashi, ana gina birnin Eko Atlantic a kai. Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Ai na sani. So nake ku ga ci gaba." Duk jirgin da ya ɓullo daga nesa ya san abin da ya ɗauko, kuma mai shi abokin maigidansa ne. A Badagry, gaban tsohon benen nan na 1845, sai da ya gyara wa mai yi mana bayani zance, mutumin da a garin aka haife shi. Wurin biyan kuɗin shiga ne kawai wayarsa ke ƙara, ya koma gefe yana "Na'am, ranka ya daɗe." Da muka shiga kwalekwale za mu haye tsibirin Gberefu, inda aka riƙa fitar da bayi, shi ya fara cafke rigar ruwa, ya runtse ido, ba mu ƙara jin muryarsa ba sai a tudu. Duk da haka ba na ƙullatarsa. A ɗakinsa muke kwana, kuma tukunyar matarsa ba ta sauka daga murhu saboda mu.

Akwai kuma ƙungiyar masu gadin takalma. Mutane ne masu natsuwa, suna zaune can nesa da ruwa ƙarƙashin kwakwa, wando a naɗe har gwiwa amma ƙafa a bushe. Ba tsoro ba ne, dole ne wani ya kula da kaya, kuma ban taɓa ɓatar da ko silifa ɗaya ba.

Wanda ba na dariyarsa shi ne Gwanin Iyo. Don ya yi ninƙaya a kogin Mariga yana yaro, gani yake duk ruwa ɗaya ne. Masu wurin su ce kada a wuce nan, ya ce su ba su san mutanen Kagara ba. Da ransa kaɗai yake wasa da sauƙi, amma sai ya ja hannun ɗan wani ya nufi igiyar ruwa da shi, uwa tana ihu yana cewa, "Haba Yaya, bar shi ya zama namiji." Igiyar teku idan ta bugi gaɓa komawa take, tana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa, kuma ba ta tambayar garinku. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, ba su ce jefa ɗan mutane ba.

Saboda haka idan za ku tafi, ku ɗauki Mai Ɗanɗane da jarkarsa, ku yi haƙuri da Kawu. Gwanin Iyo kuwa ku ba shi kuɗin shayi, ku sauke shi a Tegina.