Tanar Roba a Gagarawa Tasha

A ƙasar Gumel samun tana ya fi samun kifi wuya. Ƙasarmu rairayi ce, ta riɗi da gero da zoɓo. Da damina ta ɗauke sai ka haƙa rami har gwiwa ba ka ga tana ko ɗaya ba, alhali kududdufai na riƙe da ruwa da 'yan tarwaɗarsu har cikin hunturu. Ni kuwa fatsa ta shiga jinina tun ina yaro, ga shi Allah ya ajiye ni a garin da abin da ya fi kama da kogi shi ne layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bar mana sunan Tasha.

Ɗan yayana ne ya jawo mini. Ya nuna mini a wayarsa wasu mutanen Amurka suna ƙera tana da roba. Ashe tsohuwar sana'a ce. Wani mai suna Nick Creme ya fara ta a gidansa a garin Akron na jihar Ohio a 1949. Suna da wani ruwan roba fari da suke kira filastisol, su dafa shi ya kai zafin digiri 175, su zuƙe shi da sirinjin ƙarfe, su ɗura cikin mazubin alminiyam mai ɓari biyu. Minti kaɗan a buɗe, sai ga tana tana rawa. Na ce in dai roba ce, ai mu ne masu ita, ko'ina ka duba a bayan gari tana nan kyauta.

Mazubin farko na yumɓu na yi, kuma ban jira ya bushe sosai ba. Da narkakkiyar roba ta taɓa danshi sai ta yi tsartuwa, ɗigo ɗaya ya sauka a bayan hannuna, ya manne ya ƙi fita. Ihun da na yi har maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko kunama ce.

Daga nan na nufi Gumel wurin masu zubin tukwane, waɗanda ke narka gwangwani da tsofaffin kayan inji su zuba a cikin rairayi. Na zana wa ogan abin da nake so a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan mene ne?"

"Tana ce."

"Tana dai da muka sani? Wadda kaza ke ci?"

Ya karɓi kuɗinsa cif, ya yi aikin, amma har na bar rumfar yaransa ba su daina dariya ba. Sirinji kuwa ran Alhamis na samo a kasuwar Maigatari, wurin masu maganin dabbobi, irin ƙaton nan da ake ɗura wa shanu magani. Na roba na fara saya don ya fi araha. Zuƙa ɗaya ya lanƙwashe, ya zama ɗaya daga cikin kayan da nake dafawa. Sai da na koma na sayo na ƙarfe.

A nan ne na gane roba ba iri ɗaya ba ce. Fasasshiyar buta in ta narke ta huce, sai ta sandare, ka samu tanar da za ta yi maka tsinken sakace. Tsohon silifa ba ya narkewa sam, ƙonewa yake yi. Tiyon ban ruwa da takalmin roba mai laushi su ne suka yarda, amma da wuta ta ɗan yi yawa sai su yi ruwan ƙasa, su tashi da wani hayaƙi mai yanka maƙogwaro. Hayaƙin nan guba ne na gaske. Ya kori awaki daga turke, ya fito da uwargida daga ɗaki riƙe da hanci.

"Malam, wannan ba tukunyar miyata ba ce?"

"Aro na yi."

"To Allah ya sa kifin ya biya."

Shi kansa mazubin yana da halinsa. In yana da sanyi, roba takan daskare a rabin hanya, a fito da tana mai kai babu wutsiya, don haka sai an ɗan gasa shi tukuna. In ka danna sirinji da gaggawa, iska ta shiga, jikin tanar ya yi ramuka. In iskar da ke ciki ba ta da mafita, wutsiya ba za ta cika ba ko da ka hau kan sirinjin ka zauna, sai da na ɗauki zarto na ja ɗan siririn layi a ƙarshen ramin. In ka cire sirinji da wuri, robar na tsukewa wajen hucewa, cikin tanar ya lotsa. Ɓarin biyu kuma da robar tayar keke na ɗaure su, ba su matsu ba, roba ta tsiyaye ta gefe, na samu tana mai fukafukai kamar jemage. Maganin wannan na same shi wurin kafinta, ya ara mini mamatsin katako.

Ranar da tana ta fito cikakkiya, zakaran gidan ne ya fara ba ta shaida. Ya sure ta daga kan tabarma, ya zaga tsakar gida da ita, kaji na binsa, ni ina bin kaji. Na ce alhamdu lillahi, abin da ya yaudari zakara zai yaudari kifi.

Na isa kududdufi da hantsi, na zauna kusa da wasu yara masu fatsa da hanjin kaza. Suna ta ciro tarwaɗa suna jefawa a bokiti. Ni tawa igiyar ko motsi. Wani dattijo mutumin Haɗeja, wanda ya yi rayuwarsa a su kafin ya dawo wurin ɗansa, ya karɓi tanar, ya ja ta, ya shinshina.

"Ɗana, wa ka yi wa wannan?"

"Tarwaɗa, Baba."

"Tarwaɗa da ido take cin abinci? Dubi ruwan nan, ko kai ka sa hannunka ba ka ganinsa. Gashin bakinta ne idonta, wari take bi. Mu har da sabulu mun kama ta."

Ya ce kifin da ke bin abu don yana motsi sai a ruwa mai haske. Na koma gida na cuɗe tanar da daddawa, ta kwana. Washegari kuwa igiya ta motsa, zuciyata ta buga. Na fizgo, sai ga tana tas, an lashe daddawar an bar mini robata.

Yanzu yaran unguwa ne ke amfani da tanar robar, suna sa wa 'yan mata a cikin jakar makaranta. Mai karatu, in kana da ruwa mai haske a garinku, mazubi da sirinji suna nan na sayarwa. Kuɗinsu tukunyar miya ɗaya ce mai murfi, kuma da uwargida za a yi cinikin.