Wadda Ta Goya Ma Ta Miƙe

Mu Kiristocin Zangon Damagaram ba mu da yawa, shi ya sa in watan Mayu ya kama, zancen ranar iyaye mata ba ya tsayawa a majami'a. Yana bin mu har bakin famfo, har wurin mai niƙa. Watan dama na mata ne: ran 13 ƙasa duka ke tuna tattakin da matan Nijar suka yi a Yamai a 1991, suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Mu kuma mukan keɓe Lahadin ƙarshe, yadda ake yi a Faransa. Ga zafi, ga ƙarancin ruwan da kowa ya san Damagaram da shi, amma ba ma fasawa.

Kowa ya san yadda muke yi. Zumuntar mata su fitar da anko, su karɓi waƙa da karatu, sannan fasto ya ce duk wadda ta haihu ta miƙe. A yi tafi, a yi guɗa, a raba sabulu da kallabi. Abin gwanin sha'awa. To amma ka taɓa waiwayawa ka ga waɗanda suka rage a zaune? Akwai wadda ta shekara da shekaru a ɗakin miji, Allah bai ba ta haihuwa ba, ga shi marayun ƙanwarta duk a hannunta suka tashi. Akwai wadda ta haifa ta binne. Sai ka ga ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi har a gama tafin. Wasu ma ranar nan ba sa zuwa sujada sam, sai su ce kansu ke ciwo.

Bana, da muka zauna shiri a gindin dogonyaro, matar fasto ce ta fara taɓo maganar.

"Ƴan'uwa, a gidajenmu wa ke renon yaro?"

Wata dattijuwa ta ce, "Ke ma kin sani, Mama. Ana yaye shi goggo ta ɗauke, ko kaka. Ni a hannun abokiyar zaman mahaifiyata na girma, ita ta yi mini kitso, ita ta kai ni ɗaki."

Gaskiyarta. Mu da muke da riƙo, muke da uwar goyo da uwar ɗaki, muke da ungozoma da wadda ke tashi tun asuba ta dafa wa maijego ruwan wanka ta dama mata kunun kanwa, yaya za a yi mu shiga majami'a mu ce uwa ɗaya ce tak? Littafi Mai Tsarki ma ya san riƙo. Ƴar Fir'auna ce ta riƙe Annabi Musa. Yesu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. Nan ma wurin da za a ɗauko wa'azin bana ke nan.

Wani ya kawo shawarar kowace uwa ta fito da ƴaƴanta ta kira sunayensu. Wata inna ta riƙe baki: "Ni in kira sunan ɗan fari a bainar jama'a? Haba, Malam!" Aka yi dariya, aka kuma ga tana da hujja. Sai muka juya abin. Ba wadda za a sa ta miƙe don ta haihu. Mu ƴaƴa ne za mu tashi, yaro da babba, kowa ya je wurin wanda ya rene shi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa ɗan abin da ya samu. Wanda nasa suka riga mu gidan gaskiya, ya faɗi sunansu a yi godiya ga Allah. Wadda aka ga ba kowa a gabanta, matasa sun san aikinsu.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƴan jinya. Je ka babban asibitin Damagaram da dare, ka ga tabarmi shimfiɗe a fili, ga buta, ga kwanon sha, ga mace ta bar sana'arta tana kwana a ƙasa don ta juya marar lafiya ta wanke masa tufafi. Ba albashi, sau da yawa ba ko sannu. Akwai kuma yayar da ta bar lakwal don ƙannenta, da magidancin da matarsa ta rasu ya koyi goyo da tuƙa tuwo. Su ma za a ambace su, a yi musu addu'a ta musamman, kuma rabin baikon ranar nasu ne. Duk abin da aka faɗa da Hausa a maimaita da Faransanci, saboda ƴan'uwanmu na Benin da Togo.

Sai iyayenmu Musulmi. Tun 1924 mishan ɗin SIM suka sauka garin nan, amma har yau da wuya ka sami gidan Bahaushe Kirista da babu inna ko goggo mai salla. Ran 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram, wasunmu a ɗakunan maƙwabta Musulmi suka fake, mata ne kuma suka shimfiɗa musu tabarma. Ba za mu matsa musu su zo sujada ba. Mu za mu je, da kwanon abinci da goro, mu ce mun gode.

Girki kuwa bana ba ruwan mata da shi. Ba kyau a ce ranarsu ce, su kuma wuni a bakin murhu. Maza su yi cefane su ɗora tukunya, samari su biya ƴan garuwa.

Don Allah, wanda ya san tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, ko mai jinyar da ba za ta iya barin marar lafiya ba, ya kai wa dattawa sunan unguwarta kafin Asabar. Bayan an tashi daga sujada za mu je mu same ta har gida.