Baba Ya Yi Ritaya, Za A Zaga Ganin Tarihi

Duk dattijon da ya ajiye aikin gwamnati bayan shekara 35 yakan ɗaukar wa kansa alkawari cewa yanzu kam zai huta, ya zaga ya ga ƙasa. Zagayen dai ba ya wuce wuri uku: masallaci, majalisar gindin darbejiya, da layin tantance 'yan fansho. Ka ce masa, "Baba, mu leƙa Gidan Makama mana," sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "In ga me? Tsofaffin tukwane? Ai ni ma kayan tarihi ne."

Amma bari ɗansa ya kai shi Alƙahira ganin likita. Kafin sakamakon gwaji ya fito, Baba ya ɗare raƙumi a gaban dalar Fir'auna, ya biya kuɗin shiga ko tari bai yi ba, hotunansa sun cika zauren WhatsApp na dangi. In ya dawo, wata guda majalisa na shan labarin yadda Misirawa suka san darajar kakanninsu, "ba irinmu ba." Mai wannan magana kuwa kullum ta gaban Gidan Makama yake wucewa, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna a ciki kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Karofin Ƙofar Mata, inda ake rini tun 1498, a wurinsa kwatance ne kawai: "In ka wuce marina sai ka sha kwana."

Ranar da jikoki suka yi hutu suka tasa shi a gaba zuwa Gidan Makama, tun daga bakin ƙofa ake fara daru. Mutumin da ya biya kuɗin Masar hannu bai yi rawa ba, shi ne zai tsaya ciniki a kan 'yan canji, yana tambayar mai tikiti ko ya san wanda yake magana da shi. Da ƙyar a shiga. Jami'in gidan ya fara bayanin yadda Turawa suka ci Kano a 1903 ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu kuma ba ya gari, sai Baba ya ɗaga sanda: "Yaro, dakata. Kakana yana wurin." Abin mamaki, babu dattijon da kakansa ba ya wurin. Da a ce duk kakannin nan sun hallara a Kabuga ran nan, da Turawa ba su sami wurin sa ƙafa ba, balle su shiga gari. Jami'i dai sai "Haka ne, ranka ya daɗe," har a fita.

Hajiya kuwa nata kallon daban ne. Tana ganin tasoshi da akusa sai ta dafe ƙirji: "Wayyo, irin na gyatumarmu!" Ka tambaye ta ina na gyatumar, ta ce ai sun cika mata ɗaki, ta ba 'yan gwangwan sun ba ta robobi.

Daga nan sai Dutsen Dala. Gwiwar da ta hau raƙumin Masar lafiya lau, tana hango matakala sai sanyin ƙashi ya motsa. Jika ya ce, "Tsoho, ko in goya ka?" Shi kuma ya ce daga ƙasa ma ana ganin dutse, Barbushe ne da ba shi da aikin yi ya tare a sama. A Katsina ma haka: hoto ɗaya a gindin hasumiyar Gobarau, a nemi inda ake sayar da fura. Rijiyar Kusugu ta Daura ce kaɗai take samun cikakkiyar ziyara, don can ana dawowa da tsaraba a jarka.

Kada ma ka yi masa zancen zuwa kallon kiɗa. Cewa zai yi girma ya kama shi. Alhali shi ne a zamaninsa ya liƙe wa Shata albashin wata, aka kwana ana rigima a gida. Shata ya rasu tun 1999, amma har yau in rediyo ta sako shi, duba babban yatsan ƙafar Baba a cikin takalmi.

Ana cikin wannan, ganuwar Kano da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 tana ta zaizayewa. Damina ta ci rabonta, masu yanka fili su ci nasu. Baba yakan yi Allah wadai da su sosai, musamman da yake shagon da ya samu a jikin badala bai kai girman na maƙwabcinsa ba.

Saboda haka, mai karatu, in kana da dattijo a gida, ranar Asabar ɗin nan ka sa shi a mota. Ka biya kuɗin ƙofa a ɓoye, ka roƙi jami'in ya yi haƙuri, ka bar Baba ya gyara masa tarihi son ransa. In ka tsaya jiran ya ce a je da kansa, sai dai ku tarar da filin fakin.