Birki Mai Yanke Hukunci

Tun daga shekarar 1929, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta zo ta tuƙe a Ƙauran Namoda, kuɗin gyaɗa da auduga suka soma kwana a aljihun talakawa, babu abin hawan da ya sami daraja a ƙasar nan, in ka ɗebe doki, kamar keken Rali na Ingila, wanda malamin makaranta da akawun kanti da ɗan kamashon gyaɗa duk suka ɗauke shi alamar cikar kamala. Duk wanda ya hau shi ya san ɗabi'ar birkinsa na sanda, birki ne ma'abocin haƙuri da sulhu, wanda in ka matsa shi sai ya saurari ƙararka, ya yi nazari, sa'an nan ya tsaya bayan ka wuce inda ka nufa. In kuwa damina ce, wili ya jiƙe, to, sai ka haɗa da tafin ƙafa da istigfari.

Ina zaune lafiya da nawa Ralin sai ɗan ƙanwata, wanda ke fataucin kayan gwanjo tsakanin Kwatano da Kano, ya kawo mini tsarabar wani keke mai kaurin taya, mai shokozoba gaba da baya, a cibiyar kowane wili kuma an ɗaura faifan ƙarfe mai huda-huda, faɗinsa milimita 203. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, cewa keke ne na masu tseren gangarowa daga kan duwatsu, wasan da samarin Kalifoniya ta Amurka suka ƙaga wajen 1976 da tsofaffin kekuna, waɗanda birkinsu kan yi zafi har giris ya ƙone sai an sake cusa wani, wasan kuma ya bunƙasa har aka yi gasar duniya ta farko a 1990. Ya ce babu waya babu sanda a birkin, mai ne a cikin siririn tiyo, in ka matsa hannun sai man ya tura fistin huɗu su damƙe faifan ta dama da hagu, bisa ƙa'idar da wani masanin Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17, cewa ruwan da aka tsare a rufaffen wuri yakan isar da matsi ko'ina ba tare da ya ci amana ba.

"Kawu," in ji shi, "da yatsa ɗaya ake taɓa shi."

Na ce, "Yaro, tun ba a haifi uwarka ba nake matsa birki."

Da yake ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, Allah bai hore mana irin duwatsun Kwatarkwashi ba, sai na nufi gangaren gulbin Gagare da la'asar, inda masu ɗiban yashi ke lodin jakunansu, na sake wa keken linzami, iska ta cika mini babbar riga. Abin da yaron bai faɗa ba shi ne, mutanen Ingila sukan sa birkin gaba a hannun dama, Amurkawa da yawancin Turawa kuwa a hagu, alhali hannun haguna tun ina saurayi bai san komai ba sai birkin baya. Da na hangi wani jaki ya gindaya, sai na damƙe hagu da yatsu huɗu, da irin ƙarfin da nake roƙon Rali da shi. Keken ya tsaya nan take, tsayuwar da babu ɗaukaka ƙara a cikinta, ni kuwa da ba a ɗaura wa birki ba na ci gaba da tafiya ta sama, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, na tabbatar da maganar magabata cewa kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wani dattijo ya karkaɗe mini yashi, ya ce, "Sannu Malam, mu dai mun ga tashinka, ba mu ga abin da ya kore ka ba."

Daga ranar nan yashi ya shiga birkin, ya riƙa wani irin kuka mai tara yara, saboda haka ran Alhamis, a shekarun da hanya ke da lafiya, na ɗora shi bisa mota muka bi ta Moriki zuwa kasuwar Shinkafi, inda aka yi mini kwatancen wani mai faci da aka ce babu ƙarfen da ya taɓa gagararsa. Ya kewaya keken, ya juya wili, ya kasa kunne, sa'an nan ya ba da fatawa: "Malam, ƙarfe in ya yi kuka ƙishirwa gare shi." Ya ɗauko gwangwanin baƙin mai ya shayar da faifan gaba da na baya, ya kwance wani ɗan noti don ya ga abin da ke ciki, mai ya tsiyaye, ya cike gurbin da man birkin mota. Kukan ya ɗauke ɗif, na biya shi har da tukuici. Sai daga baya ɗan ƙanwata, yana dafe da kai, ya sanar da ni cewa man birkin keke mazhaba biyu ne da ba a haɗa su, akwai man ma'adinai irin wanda kamfanonin Shimano da Magura ke amfani da shi, akwai DOT irin na mota, in an gauraya robobin ciki sukan kumbura. Cewa ɗigon mai a kan faifai yakan kashe birki. Cewa kuma iska in ta shiga tiyo, ita tana matsuwa, saɓanin mai, sai hannun birki ya zama lagwani.

Wannan ilmi bai riske ni ba sai bayan sunan da aka yi a gidan surukaina a Zurmi. Na kwana a masauki, da aka sallame asuba na sa rigar saƙi na hau, da nufin dangin uwargida su ga irin abin da surukinsu ke hawa. Lungun gidan yana da ɗan gangare, a ƙarshensa an shimfiɗa tabarmi, liman da dattawa sun zauna, ana rabon goro. Wannan karon na kiyaye wasiyya, na sa yatsa ɗaya, hannun birki ya taho har ya taɓa kan keke ba tare da gardama ba. Na ƙara yatsu, na haɗa da dama, keken ko a jikinsa. Na ratsa ta tsakiyar takalman jama'a ina sallama da ƙarfi, na kifar da faifan goro, na yi karo da turken ragon suna, igiya ta tsinke, rago ya yi waje, samari suka dafa masa baya, ba a raɗa wa jariri suna ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Surukina, wanda tsananin kunya bai taɓa bari mun haɗa ido ba, ya dubi ƙasa ya ce, "Madalla da zumunci, lalle an zo da gaggawa."

Da muka koma Ƙaura na jingine keken a zaure, kafin wata ya kama sai na tarar wilin baya babu faifai. Ashe uwargida ce ta sa almajiri ya kwance mata, ta ɗora bisa kurfoti, ta ce hudojin nan suna ba gawayi iska, ƙaramar tukunyar shayi kuma ta daina tuntsurewa. Ta ƙara da cewa, "Malam, in za ka rubuta wa yaron nan takarda, ka ce masa na gode, kuma na gaban ma na yi wa maƙwabciya alkawarinsa."