Wai Babu Coci a Bayan Kabuga?

Na san ku, 'yan birni. Da an ce Bahaushe Kirista a ƙasar Kano, sai ku gyara zaman hula ku ce, “Haba malam, a binciki kakansa dai.” To, an bincika. Kakansa na nan kwance a ƙasar da ya noma dawa, tsakanin Gwarzo da Kabo, kuma Hausar da jikan yake yi, in kuka ji ta, sai kun nemi a fassara muku wasu kalmomin, ku da kuka saba haɗa taku da rabin Turanci.

Laifin bai wuce na rashin tafiya ba. Iyakar yammacinku Kabuga, in an yi nisa sabuwar jami'ar Bayero. Ku daure ku wuce Rimin Gado, ku ratsa Kabo da Gwarzo, ku gangara Ƙaraye har Rogo. A ƙauyukan da Maguzawa suka daɗe da zama za ku tarar da majami'u, da yawa na ECWA, wasu na Katolika, wasu na Angilika. Na Angilikan sun yi yawan da har aka ba su dayosis nasu a Bari, cikin ƙasar Rogo, da bishop nasu, bayan na Kano da aka kafa tun 1980. Ba a naɗa bishop don mutum goma.

Wani zai ce, “Ai Turawa ne suka saye su.” Sannu da bincike, Alhaji. Da Turawan sun iya saye, da ba a kore su ba a 1900, lokacin da Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya ce su tattara su koma inda suka fito. Miller bai samu wurin zama ba sai a Zariya a 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina cocin Bartholomew da tubalin ƙasa, ginin Hausa sak. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Daga makarantar mishan ɗin aka samu Dokta Barau Dikko, likitan farko a Arewa, kuma a Wusasar nan Yakubu Gowon ya tashi. In saye ne, an daɗe ana ciniki.

Amma bar tarihi, zo mu shiga cocin ƙauye ranar Lahadi. Za ka ga maza gefe, mata gefe, kowace da kallabinta, goyo a baya. Dattawa sun kama kujerun gaba, kuma kaiton yaron da ya zauna a wurin da wani tsoho ya saba zama. Ana ce maka ƙarfe tara za a fara sujada, to ƙarfe taran ƙauye ce, sai an ba awaki dusa an dawo daga rijiya. Angilika mutanen littafi ne: addu'arsu a rubuce take, liman ya karanta, jama'a su amsa baki ɗaya, a durƙusa, a miƙe, a zauna, komai da lokacinsa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta haddace amsoshin kaf, in matashin katikis ya tsallake layi, ita ce za ta yi gyaran murya daga baya. Kai da ka ce ba ka san su ba, ba ka ga gwaggonka a nan ba?

Liman ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da dama, don haka ba kowace Lahadi ake samun jibin Ubangiji ba, sai ranar da babur ɗinsa ya iso. Sauran ranaku katikis ke jan ragama, shi ne mai wa'azi, shi ne mai sasanta miji da mata, shi ake tasa da dare in an yi rashi. Amma in kana son sanin mai mulkin gaske, tambayi zumuntar mata. Su ke da asusu, su ke da tukunyar biki, su ke da waƙa da tulu da caki, kuma duk shawarar da maza suka yanke a ƙarƙashin darbejiya, sai ta biyo ta wajensu kafin ta zama magana.

Ga kuma baikon kaka. A nan ba a cika jefa takardar kuɗi ba. Damin dawa, kwanon gyaɗa, buhun masara, zakara ɗaure da igiya yana cara a tsakiyar addu'a. Bayan an tashi a yi gwanjo, a ga surukai biyu suna ƙara wa juna farashi a kan kabewa ɗaya, don kada a ce wane ya kasa.

Ku ma na Sabon Gari kada ku yi dariya, ban manta da ku ba. Ku ne kuke ganin mutum da babbar riga da hula ya shigo coci, ku matsa gefe kuna ƙus-ƙus, kuna zaton ya ɓata hanya. Sai ya buɗe baki ya ja waƙa, sannan ku saki jiki. Shi dai wannan bawan Allah, a kasuwa a ce masa ba cikakken Bahaushe ba, a coci a ce masa ba cikakken Kirista ba. Shi ya sa irinsa suka kafa ƙungiyarsu ta Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, ko sa huta da bayani.

Ba na ce zaman duk zuma ba ne. Akwai ƙorafin filin gina coci, da na takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da na auren da ya tsallaka addini, kuma masu ƙorafin ba ƙarya suke yi ba. Sai dai gida ɗaya za ka samu wa Musulmi, ƙane Kirista, naman Layya ya tsallaka katanga, shinkafar Kirsimeti ta dawo ta wannan katangar. In har yanzu gardama kake yi, motar Gwarzo tana lodi. Ka zo da kuɗin mota, tuwon dawa da miyar kuka kyauta ne, amma kabewar gwanjo sai ka biya.