Rabe-raben Masu Shirya Tafiya a Ƙarshen Kaka a Ƙasar Safana da Batsari

Ƙarshen kaka, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, lokacin da gero ya shiga rumbu, ake yankan dawa, iskar hunturu kuma ta fara saukowa daga arewa maso gabas, shi ne lokacin da mutanen yammacin Katsina suka fi ɗaura niyyar tafiya, domin gulabe sun janye, aljihu ya ɗan yi nauyi, auren da aka yi ta ɗagawa tun damina kuma ya zo. Mai son ratsa duwatsun wannan yanki a mota yakan fita daga Katsina ta Batsari, ya gangara kudu zuwa ƙasar Safana, Dajin Rugu na yamma da shi, sannan ya ɓulla ta Dutsin-Ma da Kurfi. Irin wannan tafiya ba a yin ta sai an zauna shawara, kuma ba yau aka fara ba, gama Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya nufi Sakkwato a watan Maris na 1853 ta Kurfi da Zakka da Zurmi, bai yarda ya fita daga Katsina ba sai a cikin ayari, saboda hare-haren Gobirawa. Jamusawan yau, idan za su kewaya duwatsun ƙasarsu a irin wannan lokaci, babbar damuwarsu ita ce tayar da ba ta santsi a kan ƙanƙara. A nan kuwa abin da ake fama da shi tun kafin a tayar da mota shi ne abokan tafiya.

Na farkonsu shi ne mai taswira, wanda galibi saurayi ne da ya yi karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, kuma ya yi imani cewa duk hanyar da waya ba ta nuna ba, babu ita. Yana sanar da lokacin isa har da mintoci, ba tare da sanin cewa taswirar ba ta san ranar kasuwa ba, ba ta san rairayin gulbi da ke riƙe taya ba, ba ta kuma san garken da zai tsare hanya har sai bijimin ƙarshe ya gama tunani ba. Mulkinsa yana ƙarewa a daidai inda sabis ya ɗauke, daga nan sai a gan shi ya miƙa hannu ta taga yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Kishiyarsa shi ne masanin yanke, kuma yanke a bakin matafiya ita ce gajeriyar hanya da ake bi don a rage nisa. Dattijo ne da ya yi fatauci a wannan yanki tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma alamominsa duka itatuwa ne: a karya dama a wata tsamiya, a miƙe har wata kuka mai kogo. Yawancin itatuwan tuni masu faskare da masu gawayi suka gama da su, amma wannan bai rage masa yaƙini ba. Idan mai taswira ya ce, "Baba, waya ta nuna hagu," sai ya amsa, "Yaro, ina bin hanyar nan ubanka bai yi kaciya ba." Binciken adalci zai nuna cewa su biyun suna ɓatar da mota daidai wa daida, sai dai na dattijo ya fi daɗin ji, domin shi ko ya ɓata yana da labarin wanda ya taɓa ɓata a wurin.

Sai mai majiya, wanda ya fi kowa wuyar sha'ani, saboda ba a iya yi masa dariya da zuciya ɗaya. Kowace hanya aka ambata ya ji wani abu a kanta, kuma dukan jimlolinsa da "an ce" suke farawa. Wanda ya ce ɗin ba ya bayyana, sai dai a ji cewa ƙanin matar wani direba ne. Mutanen da suka ga shekarar 2021, lokacin da aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Batsari da Safana, aka kuma hana sayar da mai a jarka, ba za su raina maganar tsaro ba, shi kuma ya san haka, don haka yake jan zarensa. Da shawararsa kaɗai za a bi, da babu wanda zai wuce bakin tasha, da kuma za a yi watsi da ita gaba ɗaya, wata rana sai an yi da-na-sani. Abin mamaki shi ne, bayan ya gama tsinka wa kowa zuciya, shi ne yake fara barci a mota.

Ma'aji ya samu girma ne tun daga watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin mai. Yana zuwa da takarda da biro, ya raba kuɗin mai har zuwa naira ta ƙarshe, ya kawo shawarar a riƙa kashe mota a gangara, sannan a gano cewa kason da bai cika ba nasa ne.

Mai saƙo ba ta cikin matafiya, amma ita ce ta fi kowa kaya. Takan iso da asuba da abin da take kira ɗan ƙulli, wanda a ma'aunin kaka yana nufin rabin buhun sabon gero, da wake, da daddawa, da ƙullin kuka, da zakara ɗaure da ƙafa. Idan direba ya ce, "Hajiya, but ya cika," sai ta dube shi da tausayi ta ce, "Haba ɗan nan, ai a cinya za a riƙe." Adireshin mai karɓa kuwa shi ne gidan da ke bayan masallaci, a garin da masallatansa suka fi a ƙirga, sunanta kuma Inna. Ba a taɓa jin wanda ya yi nasara a kanta ba, domin duk mai musu da ita yakan tarar cewa ita ta yi wa mahaifiyarsa wankan jego ko ta goye shi.

Akwai kuma mai jin ɗari, wanda yake fitowa da rigar sanyi biyu da rawani da safa, leɓe ya sha man kaɗanya, ya hana a sauke gilashi saboda ƙura. Da hantsi ya dubi ludayi sai ya fara tuɓewa ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa maƙwabcinsa. Kusa da shi mai hoto yake zama, wanda ya shiga tafiyar don ya hau dutse ya ɗauki abin da zai sa a TikTok, ya manta cewa hazo, wato farar ƙurar hunturu da ke rufe sararin sama, yakan shafe dutsen da ke gaban mutum, har hoton ya fito kamar an ɗauki bangon da aka shafa wa farar ƙasa.

Ɗan in-sha-Allahu shi ne ya kawo shawarar tafiyar tun farko, shi ya tsayar da rana, shi ya dage a yi sammako. Ranar tafiya wayarsa a kashe take.

Direba yana zaune a gefe duk tsawon shawarar yana cin goro, ba ya tanka wa kowa, saboda tun jiya ya tambayi 'yan'uwansa a tasha wace hanya motoci suka bi suka dawo lafiya, ya kuma yanke cewa ba za a fita ba sai rana ta fito, ba za a kai la'asar sakaliya a daji ba. Yakan ce wa mai taswira "to", ya ce wa dattijo "gaskiya ne, Baba", ya karɓi kuɗin ma'aji ya sake ƙirgawa, ya tura zakaran Hajiya ƙarƙashin kujerar mai jin ɗari, sannan ya yi bisimilla ya bi hanyar da ya saba.